Ɗaki Ɗaya a Wusasa

"Na ba da gaskiya, Malam," in ji maɗinkin, ya ajiye allurarsa.

Malamin makarantar nan na Wusasa ya daskare a zauren. Tun bayan yaƙin basasa yake turo kekensa cikin Birnin Zariya duk Asabar, yana yi wa mutumin nan wa'azin Almasihu, amma bai taɓa zaton zai ji wannan magana ba.

"Na faɗa wa mahaifina da safe. Ya ce kada la'asar ta same ni a gidansa." Maɗinkin ya janyo ƙullin kayansa daga bayan ƙofa. "Ka ce masu bi 'yan'uwan juna ne. Akwai ɗaki a wurinka?"

Malamin ya tuna aikinsa, da 'ya'yansa, da dangin maɗinkin da za su biyo sawu. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ai da ka dakata tukuna."

Maɗinkin ya dube shi, babu fushi a fuskarsa. Ya saɓa ƙullin a kafaɗa.

"Ba komai, Malam. Dama ba kai na bi ba."