Ɗan Hutu

"Nan ma an cika," in ji mai gadin wurin ninkaya, ya tura ƙofa.

Mai walda ya juya babur, ɗan yayarsa na zaune a baya. Tun da yaron ya sauka daga ƙasar waje da sunan hutu ake wannan yawo. An kai shi ajin kwamfuta, ya fi malamin iyawa. A filin ƙwallo yara suka yi ta kwaikwayon Hausarsa har ya cire takalmi. Unguwa kuwa ta laƙaba masa Ɗan Hutu.

Kullum sai Yaya ta kira, murya a dashe: "Don Allah ƙanena, nema masa abin da zai ɗauke masa hankali."

To ina zai kai shi, shi da iyakarsa gida da shago?

Suna isa shagon yaron ya ɗauki gilashin walda yana jujjuyawa.

"Kawu, ka daina ƙona mai."

"Haba Ɗan Hutu, gobe akwai wurin koyon zane."

"Ana gobe zan taho Mama ta ba ɗan maƙwabta kekena. Ta ɗauka ban gani ba. Wa ake kyautar da kekensa don ya tafi hutu?"

Kawu ya kawar da kai. Yaya ta rantsar da shi kada ya faɗa: an ƙi sabunta wa yaron takardar zama, babu komawa.

Yaron ya ɗora gilashin a fuska, idanunsa suka ɓuya.

"In ta kira, ka ce ina jin daɗin hutu. Nuna min yadda ake kunna injin."