Askin Auwal

Da hantsi mai babur ya sauke Lirwanu a ƙofar gidansa da ke Bukkuyum, jaka a kafaɗa, kwalin tsaraba a hannu. Wata goma sha shida rabonsa da gida, yana can Fatakwal yana sayar da albasa. Bai gaya wa kowa yana tafe ba. So yake ya ga fuskar matarsa Atine idan ta gan shi kwatsam.

Atine ba ta nan. 'Yarsa Sahura mai shekara biyar ce ta rugo ta rungume shi, idonta na kan kwalin.

"Ina Innarku?"

"Ta tahi asibiti. Ta ce yanzu za ta komo."

Sai ya hango yaron a gindin randa, zaune dirshan cikin caɓi, yana ɗura ƙasa a moɗa. Yana sanye da rigar nan ruwan ɗorawa mai hoton jirgi wadda Lirwanu ya aiko da ƙaramar Sallar bara. Ranar da ya bar gida, ɗansa Auwal ko rarrafe bai fara ba. Yau ga mutum da ƙafafunsa. Abu ɗaya ya ɓata masa rai: shekara guda cur, amma har yanzu rigar na shiga yaron. Ya ƙudura sai ya tambayi Atine ina abincin gidan nan yake zuwa.

Ya durƙusa ya buɗe hannuwa. "Auwal, taho ga Baba."

Yaron ya dube shi sama da ƙasa, ya yar da moɗa, ya tsandara ihu, ya nufi zaure a guje.

Lirwanu ya cafko shi a bakin ƙofa. Ya sauke shi, ya sake zurawa. A karo na uku sai da ya kai tsakiyar hanya yana kiran Inna. Lirwanu ya ɗauko shi yana wutsil-wutsil, ya danna sakata. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. A mota ya kwana yana ƙiyasta wannan haɗuwa, ga shi ɗan cikinsa na gudunsa kamar ya ga ɗan sanda.

Ya farke kwali ya fito da biskit, ya ba Sahura biyu, ya miƙa wa yaron huɗu.

"Baba, har shi?" in ji Sahura.

"Ji min rowa. Haka kike mashi in ba kowa?"

"Baba, ai shi..."

"In kika ƙara buɗe baki, biskit ɗinki ya ƙare."

Sahura ta auna maganar, ta cika bakinta da biskit.

Lirwanu ya naɗe hannun riga ya shiga gyara. Ya tsoma yaron a baho ya dirje shi da soso, ya samu cizo biyu a hannu da sabulu a ido. Wajen goge masa jiki ne ya lura da kan. An aske gefe da gefe, an bar wani tukku a tsakiya kamar na zakara. Tun Auwal na cikin tsumma ya gaya wa Atine ba a yi wa ɗansa tukku. Wato da ya ba da baya an yi abin da aka ga dama.

Ya zaro sabuwar reza daga jaka, ya matse yaron tsakanin gwiwoyinsa, ya toshe masa baki da alewa. Kafin alewar ta narke kan ya zama tal, yana sheƙi. Ya shafe shi da man kaɗanya, ya zura masa sabon yadin da ya sayo, hannun rigar na lilo.

A waje an fara hayaniya, mata na magana sama-sama, yara na guje-guje. Wani ya buga ƙofa yana sallama. Lirwanu ya ɗora yatsa a leɓe ya harari Sahura. Idan ya amsa, labarin zuwansa zai riga shi isa kunnen Atine, ga kuma yaron ya fara gyangyaɗi. Mai bugun ya gaji ya wuce.

Ya zauna a inuwar darbejiya, yaron kwance a ƙirjinsa yana ajiyar zuciya. Yanzu ne ya samu ya ƙare masa kallo. Hancin na marigayi mahaifinsa ne sak. Goshin na Atine. Kunnuwan kuwa, ko makaho ya shafa ya san nasa ne. Cikin barci yaron ya damƙe masa yatsa, sai Lirwanu ya ji idonsa ya ciko. Ya yi wa kansa alkawari ba zai sake yin nisan da ɗansa zai manta shi ba.

Ana kiran azahar ya ji muryar Atine tana cewa Sahura ta buɗe. Ya miƙe, ya gyara hula, ya saɓa yaron a kafaɗa yadda za ta fara ganin aikin da ya yi, sannan ya zare sakata.

Atine ta yi turus. Murna ta fara bayyana a fuskarta, sai idonta ya sauka kan ƙoƙon kan da ke ƙyalli. Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta juya a hankali ta nuna masa wani ƙaton yaro da ke barci a goye.

"Malam, sannu da zuwa. Ga Auwal nan, rigakahi na kai shi. Wanga da ka aske ɗan maƙwabciyarmu Kulu ne da na ba tsohuwar rigar Auwal, tun hantsi unguwa duka ke nemansa."