Aikin Reza

Karo na bakwai ke nan wani malamin makaranta yana kawo wa 'yar maƙwabcinsa mai ɗinki riga, wai maɓalli ya fita. Ya same ta tana ware maɓallai cikin gwangwanaye. Ta ɗaga rigar saitin taga, ta daɗe tana duban zaren.

"Malam, in maɓalli ya tsinke da kansa, zaren yakan baje. Wannan aikin reza ne."

Zufa ta keto masa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zaro hankici daga aljihu, sai ga maɓallin ya faɗo, ya gangara har gaban ƙafarta.

Ta ɗauka, kanta a sunkuye, tana zura zare a allura.

"Baba yana ciki. Gara ka gan shi kafin rigunanka su ƙare."