Makanike da Jirgin Kafinta

Tunda ka ce aikinka ya yi daidai amma har yanzu hannunka na yi maka ƙaiƙayi, zauna in ba ka misali.

An yi wani kafinta da wani makanike, aminan juna, da suka kamu da son jiragen nan waɗanda mutum ke tsayawa a ƙasa yana tuƙa su da rimot. Ba ƙananan da ake saya wa yara nake nufi ba. Manyan nake nufi, masu shan fetur, waɗanda sai mutum biyu ke kinkimar su. Shekara uku kafintan ya yi yana sassaƙa nasu, yana gogewa, yana liƙawa, saboda tsufa ya fara sa hannunsa rawa. Shi da bakinsa ya ce daga wannan ba zai iya ƙera wani ba, kuma ba shi da wani buri illa ya ga abin da ya ƙera ya tashi ya sauko lafiya. Injin kuwa amanar makanike ne, ya kuma riƙe amanar. Fetur sai ya tace shi da ƙyalle, man inji sai ya auna kamar mai haɗa magani. Ya wanke fulogi, ya duba tiyo ko ya bushe, ya bi notunan da jijjiga ke sassautawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata 'yar allura a jikin kafireto mai auna man da ke shiga inji, kuma ya san ƙa'idarta sarai. In ka matse ta, inji zai yi kuka mai daɗi a ƙasa, amma in ya hau sama farfela ta sami sakewa, sai ya nemi mai fiye da wanda ka ba shi. Man nan kuwa shi ke sanyaya inji, shi ke sa masa santsi. Don haka masu abin kan bar allurar a ɗan sake, inji ya riƙa ɗan hayaƙi, muryarsa da kauri. Haka ya saita shi, ya gwada, ya sake gwadawa, har ya gamsu.

Ranar tashi suka fita filin bayan gari inda masu jirage ke haɗuwa da la'asar. To, ka san taro ba ya rasa mai baki. Wani ya zo da jirginsa ɗan kanti, ya tayar, injin na ƙara sai ka toshe kunne. Da makanike ya tayar da nasu, sai wani ya ce wannan ai mura yake yi, wani ya ce a'a, tsohon babur ne aka yi wa fiffike. Aka kwashe da dariya. Kafinta ko a jikinsa, yana can yana shafa jelar jirginsa. Amma makanike, mutumin da duk garin aka san ba a kai masa inji ya gagare shi, abin ya yi masa ciwo. Ya durƙusa kamar zai share ƙura, ya zaro sukudireba, ya murɗa allurar nan ya matse ta kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba. Nan take hayaƙi ya ɗauke, injin ya saki wata ƙara mai zaƙi, masu dariya suka koma jinjina. Ya miƙe yana baza kafaɗa, bai ce wa amininsa komai ba.

Jirgi ya ruga, ya ɗaga, ya yi sama. Kafinta ya riƙe rimot yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya zaga fili sau ɗaya, ya zaga na biyu. A na uku, yana can ƙarshen fili saman wasu duwatsu, sai ƙarar ta sirance, ta yi tari, ta ɗauke ɗif. Makanike ya san abin da ya faru tun kafin kowa ya sani. Tsoho ya yi ta fama ya juyo da jirgin, amma nisan ya yi yawa, iska kuma ba ta ba shi ba. A kan duwatsun nan aikin shekara uku ya tarwatse. Da makanike ya kwance injin washegari, ya tarar fistin ya ƙone ya cije, ko motsi ba ya yi.

Kwana biyu ya yi abinci ba ya shiga, sannan ya cire kunya ya je ya faɗi gaskiya. Ya so a zage shi, da ya fi samun sauƙi. Kafinta ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "Ai na ji muryarsa ta sauya tun yana ƙasa. Na yi shiru ne don na ce ka fi ni sani. Je ka, ƙanena, na yafe maka."

Ya yafe ɗin kuwa, har ga Allah. Sai dai yafiya ba ta tsayar da rawar hannu ba, kuma bai ƙara ɗaukar zarto ba har ya bar duniya. Makanike yana nan da ransa, har yau gwani ne, amma ko hanyar filin nan ba ya bi. In aka yabi aikinsa sai ya sunkuyar da kai, don ya san abin da yabon minti biyu ya jawo wa mutumin da ya yarda da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.