Shafin da Ya Sa Inna Kuka

Shekarar da ruwan dam ya tashe mu daga ƙauyenmu muka koma Karaye, Kawu ya zo hutu daga Zariya da littafin zanen Turawa. Bayan la'asar ya buɗe mana wani shafi a tsakar gida. Ba mutum, ba bishiya. Shuɗi ne ya cika takardar, sai wani siririn ja can ƙasa.

Na tuntsire da dariya, na ce, "Kawu, ai wannan ko ni zan iya!"

Kakarmu Inna ta ajiye faifanta, ta ce a miƙo mata. Matar da ko ranar kwashe kaya ba ta yi hawaye ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan jan.

"Wa ya kai shi garinmu? Ga jar ƙasarmu ruwa ya hau kanta. Kabarin kakanku yana nan ƙarƙashi."

Kawu ya ce, "Inna, mai zanen ya mutu tun kafin a gina dam."

"To wa ya gaya masa?" ta ce, ta fashe da kuka.

Na daina dariya. Har yau in na ga shuɗi mai yawa, ƙasansa nake fara dubawa.