Kwalba a Shingen Safana

A shingen hanyar Safana, jami'in ya ɗaga 'yar kwalbar, ya dubi furfurar dattijon.

"Baba, man habbatussauda ne, ko?"

Mafita yake ba shi, dattijon kuwa ya gane. Ƙaninsa ne ya aiko da man daga ƙasar waje, kuma shi kaɗai ya kwantar da farfaɗiyar 'yarsa bayan rubutu da allurai sun gaza. Amma duk ƙauyensu Karare an shaida bai taɓa ƙarya ba, ko a cinikin akuya.

"A'a, ɗana. Daga wiwi aka tatso shi, sai dai ba ya sa maye."

Jami'in ya runtse ido. "Doka ba ta raba man da ganyen ba, Baba. Me ya sa ka faɗa?"

Don kada ya kama dattijon, sai jami'in ya tsiyaye man a ƙasa.

Kafin sati ya zagayo ciwon ya dawo. Matar dattijon ta tallafe kan yarinyar a cinya, tana share mata baki da gefen zane. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, matso ka gani. Ga gaskiyarka nan tana kumfa."