Makeron Dutse

"Inna, ina dutsen da na ajiye a kan tebur?"

"Ga shi can a rana. Na wanke miki shi tas."

Sai na zube a kujera. Kwana tara na yi ina hawan tsauni kafin in samo dutsen nan, da wani ɓawo ruwan toka manne a jikinsa, wanda nake zaton ba a taɓa rubuta irinsa ba. Jibi zan kai shi ɗakin bincike. Yanzu ga shi yana ƙyalli, yana ƙamshin sabulu.

"Inna, ba datti ba ne, abu ne mai rai! Naman gwari ne da gansakuka suke zaman tare. Shi ya ba da ɗaki, ita take girki da hasken rana. Sai su shekara goma ba su kai faɗin farce ba."

"Ashe aure na kashe," in ji ta. "Share hawayenki. Wannan makeron? Biyo ni."

Ta ja ni bayan gida, ta nuna duwatsun gindin katanga. Na durƙusa da gilashina mai ƙara girman abu. Shi ne, har ɗigo-ɗigon baƙin da ke tsakiyarsa.

"Shekara talatin ina kankare shi yana dawowa. Mai taurin kai, kamar ubanki."

Da na zo rubuta bayaninsa a fom, na cike gurbin launi, na cike na mazauni. A gurbin abin da ke barazana ga rayuwarsa kuwa, na rubuta: Inna da sosonta.